Structural Differential: allon Korzybski mai zaruruwa, amfaninsa da inda ya gaza

Wanda bai san shi ba, idan ya gan shi a jikin bango, zai ɗauka kayan wasan yara ne da ba a gama haɗawa ba: katako mai hudoji birjik, faifai a ƙasansa, 'yan katuna suna reto, ga zaruruwa wasu a ɗaure wasu a sake. Sunansa Structural Differential, kuma shi ne babban kayan koyarwa a fannin janaral simantiks, wato nazarin yadda kalmomi ke juya tunanin mutum da martaninsa. Alfred Korzybski ne ya ƙirƙiro shi, injiniya ɗan ƙasar Poland da aka haifa a Warsaw a 1879, ya rasu a Amurka a 1950. Da farko Anthropometer ya sa masa suna, ya kuma samu takardar mallakar ƙirƙirarsa a Amurka a 1925. Cikakken bayaninsa ya fito a littafinsa Science and Sanity na 1933, mai kusan shafi 800, sannan aka ci gaba da koyarwa da shi a cibiyar da ya kafa a Shikago a 1938.

Aiki guda ɗaya allon ya ƙware a kai: raba abin da mutum ya gani da abin da ya faɗa a kansa da kuma hukuncin da ya yanke. A wannan aikin da wuya a samu kayan da ya fi shi. Amma sai an taɓa shi da hannu yake aiki, kuma akwai manyan alkawura da aka jingina masa tun farko waɗanda ya kamata mai saye ya ajiye a gefe.

Sassansa

A can sama akwai katako mai siffar harafin U mai buɗaɗɗen baki, abin da masana lissafi ke kira farabola. Bakinsa na sama a yanke yake kamar an karye shi, don a nuna cewa ya ci gaba ba iyaka. Wannan shi ne abin da ke faruwa a zahiri kafin ido ko kunne su kama shi. Kowace huda a jikinsa siffa ce guda daga cikin siffofin abin.

A ƙasansa faifai ne zagayayye, shi ma da hudoji amma ba su kai na sama yawa ba. Faifan shi ne abin da gaɓoɓin mutum suka iya kamawa: launi, nauyi, sanyi, ƙara, zafi. Har zuwa nan babu kalma ko ɗaya. Zaruruwa suna saukowa daga wasu hudojin farabola zuwa faifan, sauran kuma suna lilo a iska ba su kai ko'ina ba. Waɗannan sakakkun zaruruwa su ne zuciyar kayan, domin su ne siffofin da aka bari a baya. Ba zancen falsafa ba ne. Idon mutum yana ganin haske ne mai tsawon zango nanomita 380 zuwa 750 ko kusa da haka (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), alhali ƙudan zuma na ganin hasken da ke bayan launin ƙarshe na bakan gizo. Kunnen matashi mai lafiya yana jin girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, kare kuwa yana jin abin da ya ninka haka. Korzybski ya kan kawo misalin fanka: idan tana juyawa da gudu, ido faifai yake gani, alhali fukafukai ne. Faifan da aka gani, jijiyoyin mai kallo ne suka ƙera shi.

Daga faifan sai katuna masu kusurwa huɗu, jere ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Na farko suna ne ko bayanin abin da aka gani. Na biyu magana ce a kan maganar farko, wato hasashe. Na uku hasashe ne a kan hasashe, haka har ƙasa. Tsakanin kowane kati da mai bi masa akwai zaruruwan da suka haɗu da waɗanda aka saki, domin kowane mataki yana tsamo kaɗan ya zubar da saura. Daga kati na ƙarshe wani dogon zare yana komawa sama ya maƙale a farabola. Mutane da yawa ba sa lura da shi, alhali yana ɗauke da magana mai nauyi: duk abin da muke faɗa game da abin da ke can sama, ƙwayoyin zarra da sauransu, shi ma hasashe ne na kimiyyar zamaninmu, kuma zai iya sauyawa.

Akwai kuma wani faifai a gefe, ba kati ko ɗaya a ƙasansa. Na dabba ne. Za mu dawo kansa.

Wane iri za a nema

Iri uku ake samu: mai tudu na katako ko ƙarfe wanda sassansa ke cirewa, hoton bango da aka buga a takarda, da wanda mutum ya haɗa da hannunsa. Wa'adin takardar mallakar ya ƙare tuntuni, don haka babu mai hana kowa ƙera nasa.

Hoton bango shi ya fi sauƙin samu, kuma shi ya fi ƙarancin amfani. A kan takarda sakakken zare layi ne kawai, ido ya wuce shi. Bayan mako biyu hoton ya zama ado, kamar kalandar bara. Korzybski ya dage a kan ɗalibi ya sa yatsa, ya nuna, ya ja zare, saboda abin da ake son koya ɗabi'a ce ta jiki, ba jumla ce da za a haddace ba. Kowa zai yarda da baki cewa kalma daban take da abin da take nufi, kuma minti biyar bayan nan kalma ɗaya ta tayar masa da jijiyar wuya. Hoton yana da amfani a aji mai mutane da yawa, inda malami ke buƙatar abin nunawa daga nesa. Ga mai koyo shi kaɗai, mai tudu ya fi.

Idan za a haɗa, ga ma'aunin da ke aiki. Allon baya na falanki mai kaurin milimita 6, faɗi santimita 40, tsawo 70. Farabola mai faɗin santimita 25, a huda ta sau 60 zuwa 80 da bakin injin huda na milimita 3. Faifai mai faɗin santimita 12 da hudoji kamar 20. Katuna huɗu, kowanne santimita 10 da 5, hudojinsu suna raguwa: 10, 7, 5, 3. A farabola a zura zare a hudoji 40, amma 15 kawai za a kai faifai, sauran a bar su su yi lilo. Zaren ya zama mai ɗan kauri irin na ɗinkin takalmi, a ƙona bakinsa idan na roba ne don kada ya warware, a ɗaura ɗan ƙaramin tsinke a ƙarshen kowanne don a riƙa cusawa ana zarewa. Sakakkun kada su wuce santimita 8, in ba haka ba za su sarƙe da na kusa da su, kullum a ɓata lokaci wajen kwancewa.

Kurakurai uku ne suka fi yawa wajen haɗawa. Na farko son tsafta: mutum ya ga zaruruwa na reto ya ji kamar aikin bai kammala ba, sai ya ɗaure su duka. Ya kashe kayan ke nan, domin allon yanzu yana cewa babu abin da ya kuɓuce wa ido. Na biyu manne katuna da gam, alhali ana buƙatar a cire su a sake jera su. A rataye su da ƙugiya. Na uku yin katuna da takardar da ba ta goguwa. A lulluɓe su da leda mai santsi ko a yi su da farar roba, a yi rubutu da alƙalamin farin allo.

Yadda ake aiki da shi

Makon farko ba a rubuta komai. Minti biyar zuwa goma a rana, a ɗauki abu guda, makulli ko fensir ko dutse, a riƙe shi a hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan faifai. A juya shi, a ji nauyinsa da sanyinsa, a yi shiru. Da zarar kalma ta faɗo a zuciya, "makulli", "ya yi tsatsa", sai a sauke yatsa zuwa kati na farko, a san cewa an bar faifai, sannan a koma. Yawancin masu farawa ba sa iya daƙiƙa goma ba tare da kalma ta kutso ba, kuma wannan ba gazawa ba ce, ganin kutsen shi ne darasin. Wata hanyar ita ce mutum ya ɗan mintsini yatsarsa: zafin da ya ji yana faifai, kalmar "zafi" tana kati, kuma ko ya faɗe ta sau ɗari ba za ta yi zafi ba.

Daga mako na biyu sai a kawo al'amuran yau da kullum. A ɗauki wannan: mutum ya aika wa abokin aikinsa saƙo ta WhatsApp ƙarfe 10 na safe, alamomin biyu sun koma shuɗaye, har ƙarfe 1 ba amsa, kuma ransa ya gama ɓaci. Zai fara daga ƙasa, domin a nan ya tsinci kansa. A kati na huɗu ya rubuta abin da zuciyarsa ke faɗa ba tare da gyara ba: "Ba wanda ya ɗauke ni da muhimmanci a wurin nan." Sai ya tambayi kansa a kan wace magana wannan ta tsaya, ya rubuta a na uku: "Ya raina ni." A na biyu: "Ya karanta ya share ni." Kati na farko shi ne mai wuya, domin abin da kyamara za ta iya ɗauka kaɗai ake yarda ya shiga: "Na aika ƙarfe 10. Alamomi sun yi shuɗi. Ƙarfe 1 babu amsa." A lura, ko "ya karanta" ba ta da gurbi a nan. Shuɗin alama yana nuna an buɗe hirar ne a wayar, bai nuna wanda ya buɗe ba, bai nuna ko an karanta ba. Sannan yatsa ya hau faifai: hasken fuskar waya, nauyin ƙirji, ɗumin fuska. Daga nan ya kama sakakkun zaruruwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ambaci abu guda da bai sani ba. Wa ke riƙe da wayar? Yana taro ne? Ya fara rubutu aka kira shi? Yana jiran wani bayani kafin ya amsa? Zare biyar sun isa.

Allon bai ce abokin aikin bai raina shi ba. Wataƙila ya raina shi ɗin. Abin da ya nuna kawai shi ne cewa ɓacin ran martani ne ga kati na huɗu, alhali hujjar da ke hannu ta kati na farko ce, kuma tsakaninsu akwai tsalle uku da aka yi cikin ƙiftawar ido. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Allon ba ya zuwa nan, ya yarda a yi zato, sharaɗinsa dai a san cewa zato ake yi. Wannan ɗan jinkirin kafin martani shi ne ribar da masu fannin suka fi nema, kuma aikin gaba ɗaya ba ya wuce minti huɗu idan hannu ya saba.

Inda ya fi tasiri shi ne maganar da mutum ke yi wa kansa. "Ni daƙiƙi ne a lissafi" tana zaune a kati na uku ko na huɗu, amma mai ita yana jin ta kamar launin idonsa. Idan aka bi zaren sama, sau da yawa abin da ake tararwa a kati na farko jarrabawa biyu ce da aka faɗi shekaru goma da suka wuce, da wata kalma da wani malami ya yaɓa masa.

Ƙananan dabaru biyar da ke tafiya da shi

Korzybski ya haɗa allon da wasu dabarun rubutu, kuma ba tare da su ba darasin yana tsayawa a ɗaki. Lamba: direba1 ba direba2 ba ne, duk da suna ɗaya ya tara su. Kwanan wata: ni na 2015 daban da ni na 2025, haka ma'aikata, haka aboki, haka ra'ayin likitoci a kan wata cuta. "Da sauransu" a ƙarshen kowane bayani, ko a zuci, don tuna sakakkun zaruruwa. Alamar zancen wani a kan kalmomi masu santsi irin su "nasara" da "al'ada" da "hankali", don a yi taka-tsantsan da su. Sai karan ɗori, don haɗa abin da harshe ya raba alhali a zahiri ba ya rabuwa, kamar jiki-da-tunani. Biyun farko su ne masu aiki kullum. Karan ɗorin kuwa, gaskiya, ya fi amfani ga marubuta.

Wani ɗalibin fannin, D. David Bourland, ya fito da shawara a 1965 cewa a riƙa rubuta Turanci ba tare da aikatau mai nuna "kasancewa" ba. A Hausa "ne" da "ce" ke ɗaukar wannan nauyin: "maƙaryaci ne", "malalaciya ce". Ba za a iya korar su daga harshe ba, tunda suna da wasu ayyukan, kamar a "shi ne ya zo". Abin da ke yiwuwa shi ne atisaye: a ɗauki shafi ɗaya na abin da aka rubuta, a ja layi a ƙarƙashin duk inda suna da "ne" ko "ce" suka hau kan mutum, a mayar da jumlar aiki mai lokaci. "Maƙaryaci ne" ta koma "ya ce ya biya ranar Litinin, rasit ya nuna Alhamis". Jumla ta biyu ana iya bincikenta, ana kuma iya faɗa wa mai ita ido da ido.

Inda masu amfani ke tuntuɓe

Kuskuren da ya fi muni shi ne mayar da allon makami. Mutum ya yi wata ɗaya yana atisaye, sai matarsa ko abokinsa ya kawo ƙorafi, ya tare shi da "ai wannan hasashe ne". An ƙera kayan ne don mai shi ya binciki katunansa, kuma duk wanda ya juya shi kan wasu zai rasa abokan hira da sauri.

Na biyu ɗauka cewa katunan ƙasa sharri ne. Ba haka ba ne. Likita, alƙali, makanike, duk da hasashe suke aiki, kuma kimiyya kanta a can take zaune. Wendell Johnson na Jami'ar Iowa ya yi bayanin masu maƙalewa a mataki ɗaya: wani ba ya sauka daga manyan kalmomi, wani kuma sai zuba ƙananan bayanai ba ya taɓa cewa ga abin da suke nufi. Lafiyar tunani tana cikin hawa da sauka.

Na uku ya shafi jumlar nan da ta fi komai shahara a fannin, cewa taswira ba ita ce ƙasar ba, wadda Korzybski ya gabatar a wani taron masana kimiyya a New Orleans a 1931. Mutane suna riƙe rabin farko su ce ashe komai ra'ayi ne. Ragowar maganar ita ce taswira mai kyau tsarinta yana kama da tsarin ƙasar, kuma amfaninta ke nan. Wata taswirar ta fi wata, kuma da tafiya ake ganewa.

Akwai kuma ruɗanin sama da ƙasa. A allon, matakan da ake kira "na sama" a ƙasa suke rataye. S. I. Hayakawa, wanda daga baya ya zama sanata mai wakiltar Kalifoniya, ya sauƙaƙa tsarin zuwa tsani inda manyan kalmomi ke sama. Wanda ya fara da tsanin zai ɗan rikice. A rubuta lamba 1 zuwa 4 a kusurwar katuna, a daina cewa sama ko ƙasa.

Abin da bai cika ba

Faifan dabba shi ne sashen da ya fi tsufa. Manufarsa ita ce dabba tana tsayawa a wani mataki, mutum kuwa ba shi da iyaka. Bincike ya sa layin ya dushe: tun 1964 aka nuna a Jami'ar Harvard cewa ana iya horar da tattabaru su ware hotunan da ke da mutum a ciki daga waɗanda babu. Abin da ya rage daidai shi ne dabba ba ta magana a kan magana har ta hana kanta barci. Mai haɗa nasa zai iya barin wannan faifan.

Bayanin da Korzybski ya yi na yadda horon ke gyara aikin ƙwaƙwalwa ya dogara ne da ilimin jijiyoyi na shekarun 1920 da 1930, kuma fatansa cewa tsarin zai magance rikicin mutum da na al'umma ya zarce abin da allo da zare za su iya. Marubucin kimiyya Martin Gardner ya soki fannin a shekarun 1950 saboda irin wannan zuzutawa da kuma yadda wasu mabiya suka mayar da shi kamar ɗariƙa, kuma sukar tasa tana da ƙamshin gaskiya. Wani gibin kuma: allon yana nuna cewa hasashe hasashe ne, amma ba ya auna ƙarfinsa. Kati na biyu mai hujja goma da wanda ba shi da ko ɗaya girmansu ɗaya. Ana iya toshe wannan da rubuta kaso a gefen kowane kati, 30 ko 60 ko 90 cikin ɗari, da abin da zai sa a sauya lambar.

Ga wanda damuwa ko fargaba ta kai shi ga kasa aiki ko barci, wannan ba magani ba ne. Albert Ellis, wanda ya fara nasa salon jinyar tunani a 1955, ya sha faɗin cewa ya amfana da Korzybski, kuma hanyoyin jinya da suka biyo wannan layi an gwada su a asibitoci sosai. Irin wannan mutumin ƙwararre ya kamata ya gani, allon ya zama ƙari idan yana so.

Idan aka kwatanta shi da littafin rubutu mai layi uku, "na gani", "na ɗauka", "na yanke", littafin ya fi shi saurin ɗauka da shiga aljihu, kuma yana ba da kaso mai tsoka na amfanin. Abin da littafi da tsanin Hayakawa ba su da shi abu biyu ne: matakin shiru, da zaruruwan da hannu ke taɓawa. Malamai, masu sasanci, editoci, masu binciken haɗari da masu horar da ma'aikata su ne za su ci moriyar mai tudu sosai, domin suna buƙatar nuna wa wani inda rahoto ya ƙare ra'ayi ya fara. Mai koyo shi kaɗai ya fara da na kwali da zaren ɗinki, ya rataye shi inda hannunsa zai kai yana zaune, ba can saman bango ba. Idan bayan wata ɗaya katunan sun yi dauɗar yatsa, ya cancanci a yi masa na katako.